Mazubin Manunai a C++: Wanne Ya Kamata Ka Zaɓa?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Samaru, ko mai rubuta wa 'yan kasuwar Sabon Gari manhaja, yakan ci karo da tambaya guda da zarar aikinsa a harshen C++ ya wuce na gwaji: idan ya tara abubuwa da yawa a mazubi (container) ɗaya, wa ke da alhakin share su daga ma'adanar kwamfuta bayan an gama da su? Harshen ba shi da mai shara da ke bin bayanka kamar Java ko Python, saboda haka dole a san mai abu tun farko. Duk zaɓuɓɓukan da ke ƙasa kyauta ne, amma kowanne yana da farashinsa a wajen cin ma'adana, da sauri, da yawan kuskuren da yake bari ka tafka.

A ɗauka kana shirya manhajar da za ta riƙe lissafin ababen hawa a wata tasha da ke Kwangila, kana da babban aji (class) mai suna Mota, sannan Bas da Keke sun gaje shi.

Mafi araha shi ne ka guje wa manuni (pointer, wato adireshin abu a ma'adana) gaba ɗaya, ka zuba abubuwan kansu a cikin std::vector. Suna jere kusa da juna a ma'adana, karanta su yana da sauri, kuma mazubin ne ke share su da kansa. Matsalar tana fitowa ne idan ka saka Bas a mazubin da aka yi wa Mota, domin ɓangaren Mota kawai za a kwafa, abin da ya keɓanta da Bas, kamar yawan kujeru, ya zube ba tare da gargaɗi ba. Idan ire-iren ababen hawan kaɗan ne kuma ka san su duka, std::variant na ƙa'idar C++ ta 2017 yana magance wannan.

Na biyu shi ne mazubin tsurar manunai, wato vector<Mota*>, wanda tsofaffin takardun darasi suka fi koyarwa. Manuni adireshi ne kawai, bait 8 a kwamfuta mai bit 64, kuma idan mazubin ya mutu adireshin yake zubarwa, ba motar ba. Duk lokacin da ka kira erase ko clear ba ka fara kiran delete ba, ka bar abu a ma'adana ba mai nemansa. In kuwa wurare biyu suka share abu ɗaya, manhajar na iya faɗuwa a wani wuri can da ba ruwansa da laifin. Ban ce a jefar da shi ba. Ya dace da matsayin ɗan haya, wanda ke amfani da ɗaki amma ba shi da ikon rushe shi.

Shi kuwa auto_ptr, tsohon manunin da ke share abin da yake riƙe da shi da kansa, kada ka ko taya shi. Kwafarsa tana ƙwace mallaka a ɓoye ta bar na asali fanko, an ba da shawarar a daina amfani da shi a 2011, aka cire shi daga harshen a 2017.

Wanda nake ba yawancin mutane shawara a kansa shi ne vector na unique_ptr, da ya shigo a ƙa'idar 2011. Ma'anarsa kowane abu mamallakinsa ɗaya ne tak. Girmansa a yadda aka saba amfani da shi daidai yake da na tsuran manuni, kuma da zarar an cire shi daga mazubi, ko mazubin ya mutu, ko wani kuskure ya katse aikin a tsakiya, motar da yake riƙe da ita za ta sharu. Ba ya kwafuwa, sai dai a miƙa shi da std::move, kuma idan ka manta ka yi yunƙurin kwafa, kwamfaila, wato mai fassara wa kwamfuta abin da ka rubuta, zai ƙi haɗa manhajar, wanda ya fi maka alheri a kan ta lalace a hannun mai tasha. Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne, idan mazubin ya cika ya ƙaura zuwa wuri mafi faɗi, manunan ne ke ƙaura, motocin suna nan a adireshinsu, don haka wanda ka ara wa adireshi ta hanyar get bai ɓata ba. Sharuɗɗansa biyu ne. Dole mai rushe ajin Mota (destructor, aikin da ake kira idan za a share abu) ya zama virtual, in ba haka ba share Bas ta manunin Mota aiki ne da harshen bai lamunce sakamakonsa ba. Sannan idan kana son kwafin mazubin gaba ɗaya, sai ka rubuta wa kowane aji hanyar kwafar kansa. Ƙirƙira shi da make_unique, wanda ya zo a 2014.

Sai shared_ptr, wanda a ganina aka fi saya ba tare da buƙata ba, saboda yana kwafuwa ba gardama, mai koyo sai ya ɗauka ya huta. Kamar gidan gado yake: magada da yawa, kuma ba a rabuwa da shi sai na ƙarshe ya saki. Galibi yana cin bait 16, ga wani ɗan wuri na daban da ake ajiye ƙidayar masu riƙe da abin, kuma kowace kwafa sai an taɓa ƙidayar ta hanyar da ke da ɗan tsada domin ayyukan da ke gudana lokaci guda kada su rikita ta. Babban haɗarinsa zagaye ne. Idan Direba yana riƙe da Mota, Mota kuma tana riƙe da Direba, ƙidayar ba za ta taɓa kai sifili ba, dukansu su zauna a ma'adana har a kashe manhajar. Maganin shi ne ɗayansu ya riƙe weak_ptr, wanda ke leƙa abin ba tare da ya shiga cikin magada ba. Ka zaɓe shi kawai idan da gaske ba za ka iya faɗin wane ɓangare ne zai gama da abin a ƙarshe ba.

Akwai kuma ptr_vector na Boost, wani tarin kayan C++ da ake ɗaukowa daban, wanda ya girmi ƙa'idar 2011. Yana mallakar abin da aka zuba masa, yana ƙin manuni fanko sai in ka nemi hakan, kuma yana miƙo maka abin kai tsaye. Idan ka gaji aikin da ke amfani da shi, bar shi. Sabon aiki kuwa bai cancanci ɗauko Boost saboda wannan kaɗai ba.

A manhajar tashar, da ni ne, mazubi guda na unique_ptr zai mallaki dukan motocin, layin masu jiran lodi kuma ya riƙe tsurar manunai ko lambobin motoci, da sharaɗin a fitar da mota daga layi kafin a share ta. Tsohon kwamfaila irin Turbo C++ bai san waɗannan kayan ba, sai ka nemi GCC ko Clang ka sa -std=c++17. Kafin ka miƙa aikin, haɗa shi da -fsanitize=address ko ka gudanar da shi ƙarƙashin Valgrind a Linux, za su nuna maka abin da aka manta ba a share ba da wanda aka share sau biyu.