Ƙunshin saƙar rigar filo na 'yan koyo: kwarashi daban, lissafi daban

Na sayi wannan ƙunshi ne saboda alkawarin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalinsa, cewa duk abin da mai koyon saƙar kwarashi yake buƙata domin ya fitar da rigar filo mai santimita 40 a kowane gefe yana ciki, ba sai ya nemi komai a waje ba. Ban taɓa riƙe kwarashi ba kafin wannan, kuma abin da ya fi firgita mai koyo shi ne ya tsaya gaban tarin zare iri-iri bai san wanda ya dace da wane kwarashi ba. Kun san kuɗin da ake sayar da irin wannan kaya, kun kuma san ya fi a ce mutum ya sayi kowane abu daban. Ƙarin da ake biya ladan lissafi ne, wato wani ya riga ya auna zare, ya zaɓi kwarashin da ya dace da shi, ya rubuta umarnin da zai tafi da su biyun. Wannan lissafin ne kuwa ba a yi ba.

A cikin kwalin akwai dunƙulen zaren akirilik 4, kowanne giram 50, launin shuɗi mai ɗan duhu, da kwarashin alminiyam mai kaurin milimita 4, da allurar roba mai faɗin kafa, da 'yan alamomin maƙalawa, da maɓallan katako 3, da ɗan littafin umarni. Filon kansa ba ya ciki, an kuma faɗi haka tun farko.

Farkon al'amarin ya yi mini daɗi, kuma adalci ne in faɗa. Zaren yana da laushi, murɗinsa ya kama sosai, saboda haka bakin kwarashi ba ya tsaga shi gida biyu. Hotunan littafin an ɗauke su kusa da hannu, suna nuna yadda ake zarga zaren a manuniyar hagu, da yadda ake ƙulla madaukin farko a ja sarƙa, da yadda ake soka kwarashi a ƙarƙashin zare biyun da ke saman kowane ido, wato kowane ƙulli ɗaya na saƙar, a jawo madauki, sannan a sake naɗo zare a fitar da shi ta cikin madaukai biyun da ke kan kwarashin. Wannan ita ce gajeriyar saƙa, kuma da ita kaɗai aka tsara rigar gaba ɗaya, abin da nake ganin dabara ce mai kyau ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Har ma sun tuna da sarƙa ɗayar da ake ƙarawa a ƙarshen layi kafin a juya aikin, suka kuma ba da shawarar maƙala alama a idon farko na kowane layi domin kada gefe ya riƙa zamewa yana karkata. Gefunan aikina sun miƙe sambal, kuma littafin ne ya koya mini wannan.

Littafin ya ce a ja sarƙa 51, ɗaya ta juyawa, sauran 50 su zama idanun layi, ya ce hakan zai ba da faɗin santimita 38. Rage santimita 2 daga girman filon daidai ne, domin saƙa tana buɗewa, kuma rigar da ta ɗan matse filo ita take sa ya cika fam, kusurwoyinsa su tsaya. Na bi umarnin baƙi da baƙi. Da aikin ya kai tsawon tafin hannu na shimfiɗa shi a kan tebur na ɗora tef, sai na ga santimita 31. Na ja shi hagu da dama iya ƙarfina, bai wuce 33 ba. Na ƙirga idanun ɗaya bayan ɗaya, 50 ne cif, babu wanda ya ɓace.

Amsar tana jikin takardar da aka naɗe dunƙulen zaren da ita. Akwai ɗan zanen kwarashi a wurin, an rubuta milimita 5.5 a ƙarƙashinsa, akwai kuma lamba 4 da ke nuna kaurin zaren. Wannan lamba ta ma'aunin Craft Yarn Council ce ta Amurka, wadda ta kasa zaren saƙa da lambobi bisa kaurinsa, daga lamba 0, mafi siranta, zuwa sama. A ma'aunin nan, zare mai lamba 4 yana tafiya ne da kwarashin milimita 5.5 zuwa 6.5, kuma ana sa ran ya ba da idon gajeriyar saƙa 11 zuwa 14 a cikin santimita 10. Idan aka raba ido 50 a kan santimita 38 za a sami kusan ido 13 a kowace santimita 10, wato wanda ya rubuta littafin da babban kwarashi ya yi aiki. Wanda ya shirya kwalin kuwa ƙarami ya jefa a ciki, kuma da shi ido 16 nake samu a santimita 10. Ke nan littafin da kwarashin ba su taɓa haɗuwa ba sai a hannuna. Abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne daga bango zuwa bango babu inda littafin ya ce a fara saƙa ɗan murabba'in gwaji a auna shi, alhali wannan ne matakin farko da masu saƙa suke ɗauka kafin duk wani aiki da yake da awo, kuma layi guda na rubutu ya isa ya tona matsalar kafin mutum ya ɓata lokacinsa.

Zaɓi biyu ya rage mini, ko in nemo babban kwarashi, ko in ƙara idanu. Na ƙi na farkon, domin kwalin ya ce ba zan nemi komai a waje ba, kuma a gaskiya saƙar ƙaramin kwarashin ta burge ni. Ta fito a matse, lafiyayya, babu ramukan da farin filo zai riƙa leƙowa ta cikinsu, wanda ga rigar filo wannan alheri ne. Na warware abin da na yi, na ja sarƙa 62, na sake ɗaukowa daga tushe. Gaban rigar ya fito murabba'i sosai, santimita 38 ta kowane gefe, har na ji fushina ya fara sauka.

Sai na lura cewa na riga na shiga dunƙule na uku. Na ɗora gaban rigar a kan ƙaramin sikeli, ya nuna giram 115. Zaren da aka ba ni duka giram 200 ne, saura 85 ke nan, ga shi kuma bayan rigar ya fi gaba cin zare, saboda falle biyu ne da suke hawan juna da kusan santimita 10 domin a sami bakin zura filo da wurin maɓallai. A lissafina bayan kaɗai yana neman giram 145, ban da zaren haɗa gefuna. Ƙaramin kwarashi yana cusa idanu masu yawa a wuri ɗaya, don haka yana cin zare fiye da babba, wannan ba abin musu ba ne. Amma ko da babban ne aka sa a kwalin, ina ganin da kyar giram 200 zai kai, kuma ba a bar wa mai koyo ko ɗan rara na warwarewa da yankewa ba, alhali an san dole zai yi su.

Na rubuta wa masu sayarwar na bayyana komai, har da hoton tef da na sikeli da na takardar zaren. A nan sai suka ba ni mamaki. Sun amsa da wuri, cikin ladabi, suka ba da haƙuri ba tare da jayayya ba, suka aiko mini da dunƙule 2 kyauta. A ranar da saƙon ya iso na yi niyyar rubuta musu yabo mai tsawo in ba su taurari huɗu cikin biyar, domin a ganina kowa yana kuskure, abin dubawa shi ne yadda ya gyara.

Da dare na haɗa sabon zaren, a ƙarƙashin hasken fitila, inda ban ga bambancin komai tsakaninsa da tsohon ba. Na saƙa rabin falle na biyu na kwanta da farin ciki. Da gari ya waye na ɗauki aikin zuwa bakin taga, sai ga layi ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, kamar shatar da ruwa yake bari a jikin bango bayan ya janye. Ƙasan layin shuɗi ne mai duhu, samansa kuma ya fi haske, yana ɗan karkata zuwa kore. Na ɗauko takardun dunƙulen, tsoho da sabo, na jera su. Lambar launi ɗaya ce, amma a gefenta akwai wata lambar, ta rukunin rini, kuma ita ta bambanta. Ana rina zare ne rukuni-rukuni, kuma ko da sinadarin rinin ɗaya ne, ɗan bambancin zafi ko ruwa ko lokaci yakan sa wani rukunin ya fi wani duhu, shi ya sa ake buga wannan lamba, shi ya sa kuma ake sayen zaren aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Mai koyo yana da uzurin rashin sanin haka, amma wanda sana'arsa sayar da zare ce ba shi da shi, ballantana hoton takardar tsohon zaren yana cikin saƙon da na tura musu, lambar tana nan ɓaro-ɓaro.

Na sake rubuta musu. Wannan karon amsar gajeriya ce, cewa launi ɗaya ne, suka haɗo da hoton lambar launin kamar ban iya karatu ba. Game da lambar rini ba su ce uffan ba, haka ma game da kwarashin, wanda shi ne tushen komai. Sai a lokacin na koma na karanta saƙonsu na farko da idon basira, na ga ashe ko a cikinsa ba su amsa cewa kwarashin bai dace da littafin ba. Haƙuri kawai suka bayar a kan ƙarancin zare, suka tura abin da hannunsu ya kai gare shi domin in yi shiru. Yabon da na shirya ya tsaya a nan.

Na warware sabon ɓangaren na ɗan ƙara da na tsohon, sannan na riƙa saƙa layi biyu da tsohon zare, layi biyu da sabo, ina hawa da zaren da ba na amfani da shi ta gefe ba tare da na yanke ba, har tsawon 'yan santimitoci. Wannan dabara tana rikita ido ya kasa kama inda launi ya sauya, na kuma shirya fallayen yadda mahaɗar za ta faɗa ƙarƙashin fallen da yake hawa sama. Ta yi aiki daidai gwargwado. Wanda bai sani ba zai wuce bai lura ba, amma da rana tsaka, idan aka juya filon, fallen sama ya fi na ƙasa haske, kuma zagayen da na haɗa gaba da baya da shi ya fito a matsayin siririn baki mai haske a kewayen gaban. Wata da ta gani ta ɗauka ado ne na yi da gangan, ban kuma gyara mata zance ba.

Ina tsammanin an gama, sai maɓallan suka ƙi shiga. Littafin ya ce a tsallake ido 2 a ja sarƙa 2 a madadinsu domin ramin maɓalli, wanda da babban kwarashi zai ba da rami mai ɗan faɗi, amma a matsattsiyar saƙata ramin bai kai rabin maɓallin ba, dole na warware layukan ƙarshe na mai da shi ido 4. Allurar robar ita ma ta lanƙwashe wajen ɓoye bakin zare, saboda ba ta iya ratsa saƙa mai tauri haka. Ciwon da babban yatsana ya riƙa yi kuma daga nan yake, domin siririn kwarashin alminiyam marar mariƙi, ana tura shi cikin zaren da ya fi ƙarfinsa, sai an danna da ƙarfi a kowane ido. Duk inda na juya sai in tarar da kwarashin nan ne, abu mafi araha a cikin kwalin.

Rigar dai tana kan filo yanzu, kuma ta zauna daram. Na wanke ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, na shimfiɗa ta ta bushe a kwance, ban kusantar da dutsen guga gare ta ba saboda akirilik yana narkewa da zafi. Ba ta zuba ba, ba ta saki jiki ba, sai ɗan gashi-gashi da ya taso a inda ake yawan jingina. Zaren mai kyau ne, hotunan koyarwar ma haka, kuma ba zan musa cewa da su na iya gajeriyar saƙa ba. Amma taurari biyu na ba su, ɗaya na zaren, ɗaya na mai ɗaukar hoton. Duk wanda ya riga ya sayi ƙunshin, ya duba zanen kwarashin da ke jikin takardar zaren ya gwada da wanda ke cikin kwalin kafin ya ja sarƙa ko ɗaya, ya saƙa murabba'in gwaji ya auna, kuma idan zai nemi ƙarin zare ya faɗi lambar rinin a rubuce, ya ce a turo masa hotonta kafin a aiko. Saƙona na uku, wanda na tambaye su ko za su sauya kwarashin ko su gyara lissafin littafin, har yau ba su amsa shi ba.