Nijar ko Benin: ina za ka kai iyali da ɗan abin da ke hannunka?

Malam, ka ce hutun makaranta ya ƙarato, kana da kwana biyar da ɗan abin da ka tara, kana so ka tashi daga Birnin Kebbi da mai ɗakinka da yara biyu su ga wata ƙasa, Nijar ko Benin. Ni Nijar zan ce maka, duk da cewa Benin ta fi ta abin kallo.

Maganar canji ka ajiye ta gefe. Ƙasashen biyu sefa ɗaya suke kashewa, wadda aka ɗaure da Yuro a kan 655.957, don haka yadda naira take a Gaya ta Nijar haka take a Malanbil ta Benin. Abin da zai cinye maka kuɗi mota ce da wurin kwana, kuma a nan suka rabu. In ka fita ta Kamba ka faɗa Gaya, Yamai wajen kilomita 300 ce ta hanyar Doso. Ka yi sammako, ka yi la'asar a can. Benin kuwa ta Tsamiya ko Lolo za ka shiga, a ƙasar Bagudo, sai ka tarar arewacinta kamar gida ne: gonakin auduga a Kandi, buhunan hatsi da albasa a kasuwar Malanbil. Abin da ake zuwa gani yana can kudu, kuma daga Malanbil zuwa Kwatano ya haura kilomita 700. Wuni guda zuwa, wuni guda dawowa, kujera huɗu kake biya. Me ya rage a kwana biyar ɗin?

Sai harshe, wanda mutane ke rainawa alhali kuɗi ne. A Yamai Hausa da Zabarmanci ake ciniki da su, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Za ka yi tayi da bakinka, ka tambayi masauki mai sauƙi a masallaci a nuna maka. Ka dai riƙe lissafinsu: dala sefa 5 ce, jaka kuwa 1,000. A Kwatano za ka samu Hausawa da tuwo da masallaci a Zango, amma kana fita unguwar sai Faransanci da Fon, kuma baƙon da ba ya jin magana shi ke biyan farashin farko, ko a wurin ɗan acaba mai rigar ɗorawa.

Gaskiya kuma a faɗe ta, wajen buɗe ido Benin ta yi gaba. Akwai teku, wanda yaron da ya tashi a bakin gulbin Argungu ba zai manta ranar da ya fara ganinsa ba. Akwai Ganbiye, garin da aka kafa bisa ruwa a tafkin Nokuwe, kasuwarsa ma a cikin kwale-kwale take ci. A Wida akwai ƙofar tunawa da bayin da aka loda a jirage ba su dawo ba, a Abome kuma fadojin sarakunan Dahome, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985. Yamai ba ta da wannan yawan, amma gidan tarihi na Boubou Hama kaɗai zai cika wa yara wuni: namun daji, ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, maƙeran azurfa da dukawa suna aiki a gabanka. Ka haɗa da bakin kogi wajen gadar Kennedy, da babbar kasuwa, da kilishi, da fadar Zarmakoy a Doso in kana dawowa.

Inda nake so ka saurare ni da kyau shi ne tsaro. Za a kwaɗaita maka raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A can aka kashe mutum takwas a watan Agustan 2020, kuma ni ba zan kai yara ba. Gandun namun daji na W, ko ta ɓangaren Nijar ko ta Benin, ka bar shi gaba ɗaya. Ka bi babbar hanya da rana, a motar tasha sananniya, dare kada ya same ku a daji. Kada kuma ka ce za ka haɗa ƙasashen biyu ta gadar Gaya da Malanbil. Nijar ta rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, mutane suka koma tsallaka kogi a kwale-kwale, kuma wannan ba hanyar mai iyali ba ce.

Kowa ya riƙe fasfonsa ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara. Nijar ta fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, don haka ka shirya wa tambayoyi a shingaye. Kafin ka biya kuɗin mota, ka tambayi direbobin Kamba halin da hanya ke ciki a makon, kuma a nan Kamban za ka canza sefarka.