Goge ya yi daɗi, amma an binne kalangu

Matasan nan da ke ɗauko tsofaffin waƙoƙi suna yi musu sabon kiɗa sun iya aikinsu, ba na jayayya. A faifansu komai ya zauna. Wasansu na kan dandamali ne ya ɓata mini rai, kuma mafi yawan laifin na mai kula da sauti ne.

Kalangu fuska biyu gare shi, muryarsa kuma tana cikin tsarkiya, wato igiyoyin da suka haɗa fuskokin biyu. Makaɗi ya matse ta da hannu, amo ya hau, ya sassauta, amo ya sauka. Da wannan hawa da sauka yake magana, yake mayar wa mawaƙi martani. To, sai aka kafa masa makirfo guda tal, kusan manne da fatar da ake bugu. Abin da ke fitowa ta sifika ƙwas-ƙwas ɗin sanda ne kawai, maganar kalangun ta ɓace ɗungurungum. Kamata ya yi makirfon ya ja baya kamar taƙi guda, a ɗan karkace shi, a sa na biyu a fuskar baya. Mai kalangu kuwa ba ya tsayuwa wuri ɗaya, don haka ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a jikin kalangun ya fi dacewa. Kan wannan kuma aka ɗaga gangar Turawa da jita mai kaurin murya sama da kowa. Mai kalangun, bawan Allah, ya yi ta nuna kunnensa yana ɗaga hannu, gumi sharkaf, ba wanda ya waiwaye shi har aka tashi. Wallahi na ji masa ciwo.

'Yan amshi uku aka haɗa a makirfo ɗaya, ba a ajiye musu sifikar da za su riƙa jin jagora ba. Shi ya sa amshi ke shigowa a makare, jagora ya rasa inda zai ja numfashi.

Mai goge ne ya wanke mini zuciya. Ya ɗaure izgarsa daidai da muryar mawaƙin, mai piyano kuma ya yi hankali, ya tsaya kan sautuka biyar da waƙar ke tafiya a kai, bai cusa sauran ba. Da sanyin dare ya sassauta fatar gogen, sai mai gogen ya gyara ɗauri tsakanin waƙa da waƙa, ya goga ƙaro, ya ci gaba. Wannan ƙwarewa ce.

Sai dai da na sake tunani, su ma mawaƙan ba su kuɓuta ba. Waƙar da asalinta a natse ake rera ta suka zaburar don a yi rawa, suka datse baitoci, suka lanƙwasa karin har wasu kalmomi suka bar hawa da saukarsu, mai sauraro ya kasa kama ma'ana. Ba su kuma ambaci waɗanda suka ƙirƙiri waƙoƙin ba ko sau ɗaya, wannan kam bai kyautu ba.

Faifan na ba da shawarar a saurara. Wasan kuwa ba zan koma ba sai in a ƙaramin zaure ne, inda kalangu zai kai kunne ba da taimakon sifika ba.