Kaskon da baya kama kifi

Gaskiya wannan kaskon mai baƙin shafi da na saya ya rage min kashe kuɗi, da can sai na tuttula mai kafin kifi ya soyu kuma fatar ta manne ta yage, yanzu cokali 2 ya isa. Kifin firji nake saya don ya fi sauƙi, in barshi ya saki a hankali tun dare, in tsane ruwan da tsumma mai tsabta, wuta kaɗan kaɗan minti 4 kowane gefe shikenan. Matsalarsa dai baya son cokalin ƙarfe, ƙanwata ta kankare min gefe guda wallahi naji haushi, sai na katako. Hannunsa ma ya fara rawa bayan wata uku.