Sharhi: Dare Biyu Muna Bin Hasken Arewa Daga Tromso

A farkon watan Janairun 2025 ni da mai ɗakina muka tashi daga Oslo zuwa Tromso, birnin da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Norwe, tafiyar da ba ta cika awa biyu a jirgi ba, domin mu ga hasken nan da ke bayyana a sararin samaniya cikin daren hunturu, wanda masana ke kira orora. Mun zaɓi lokacin ne saboda a watan Oktoban 2024 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta sanar cewa rana ta kai ƙololuwar zagayenta na shekara 11, wato lokacin da ta fi watso ƙwayoyin da ke haddasa wannan haske. Kamfanin da muka yi rajista da shi ƙarami ne, yana ɗaukar mutum takwas a ƙaramar bas, kuma kuɗin kowane mutum a dare ɗaya ya tasam ma krone 2,000 a kuɗin Norwe.

Abin da na fahimta tun daren farko shi ne cewa kuɗin nan na sanin gajimare ne. Hasken yana can sama da nisan kilomita 100 daga ƙasa, kuma duk ƙarfinsa, idan gajimare ya rufe, to an yi asarar dare. Tromso yana bakin teku, inda igiyar ruwan ɗumi ke sassauta sanyi amma take tara hadari, saboda haka lokacin da aka ɗauke mu da ƙarfe shida na yamma dusar ƙanƙara ce ke zuba, ko tauraro ɗaya ba a gani. Jagorarmu, wata dattijuwa wadda ita ce kuma direba, ta tsaya sau biyu a gefen titi tana duba taswirar gajimare a wayarta tana kuma yi wa abokan aikinta waya, sannan ta ce mana mu shirya doguwar tafiya. Muka bi titin E8, muka wuce Skibotn, muka hau tsaunuka, muka ƙetare iyakar Finlan zuwa Kilpisjärvi bayan fiye da awa biyu. A can sama ta washe tas, amma ma'aunin motar da ya nuna digiri 4 ƙasa da sifili a Tromso ya koma 24 ƙasa da sifili.

Ya kamata mai niyyar wannan tafiya ya san cewa hotunan da ake tallatawa ba su ne abin da ido ke fara gani ba. Abin da ya bayyana mana da farko wani zare ne fari-fari da ya ratsa sama, mai kama da hayaƙin gawayi daga nesa, sai da jagorar ta nuna mana allon kyamararta muka gan shi kore shar. Mai ɗakina ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Maigida, ashe a kan wannan muka kashe kuɗinmu?" Ban ba ta amsa ba, domin tambayar da ke raina ke nan. Kyamara tana tara haske na daƙiƙoƙi kafin ta fitar da hoto, ido kuwa cikin duhu ba ya bambance launi sosai. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya zaren ya kauri, ya rabu gida uku, ya soma kaɗawa kamar zanin da aka shanya a kan igiya iska na wasa da shi, korensa ya fito fili, gefensa na ƙasa ya yi shuɗi-shuɗi zuwa ja. Bai wuce minti goma a haka ba, amma duk surutun mutum takwas ya ɗauke, ban ji komai ba sai tasbihin mai ɗakina. Jagorar ta yi mana bayani daga baya cewa koren daga iskar oksijin yake fitowa idan ƙwayoyin rana suka buge ta, launin gefen kuma daga naitirojin, ta kuma ambaci Kristian Birkeland, masanin ƙasar Norwe da ya yi fice wajen danganta hasken da rana tun farkon ƙarni na 20.

Kayan sanyin da suka ba mu, wato rigar da ke haɗe da wando tun daga wuya har idon sawu, sun yi aiki ƙwarai. Takalmin da na samu kuwa ya matse ni duk da na rubuta lambar ƙafata a fom, kuma matsattsen takalmi a irin wannan wuri azaba ce, domin yatsu na daskarewa cikin minti kaɗan. Sau uku ina komawa mota in ɗumama ƙafa. Wanda ya ɗauka sanyin hunturun Jos ya koya masa wani abu zai sha mamaki. Batirin wayata ma ya mutu daga rabi cikin ɗan lokaci, har sai da na sa ta a aljihun ciki ta farfaɗo.

Babban ƙorafina shi ne abinci. Na rubuta a fili cewa ba ma cin alade, amma da aka hura wuta aka fito da abin gashi, naman alade ne kaɗai a ciki. Jagorar ta ba da haƙuri, ta ce ofis bai sanar da ita ba, muka wuce da burodi da ruwan cakulan mai zafi da dabinon da muka zo da shi. Ga Musulmi akwai kuma batun salla, domin daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa a Tromso, sai dai wani shuɗin haske na 'yan awoyi da tsakar rana. Masallacin Alnor da ke cikin gari yana bin jadawalin Makka a wannan lokaci, shi muka bi mu ma, muka yi Isha kafin mota ta zo.

A dare na biyu hadari ya rufe yankin gaba ɗaya. Mun zaga tsibirin Kvaløya, mun jira a bakin ruwa har ƙarfe ɗaya, ba mu ga komai ba, kuma ba a mayar mana da ko krone ɗaya ba. Ban ga laifinsu a nan ba, tun da sharaɗin yana rubuce a takardar rajista, sai dai laifina da na ware dare biyu kacal. Da zan sake zuwa, dare huɗu zan ware, in sa fitar farko a daren da na sauka, in kuma sake zaɓar ƙaramar bas, domin ita ce mai iya juya akala zuwa wata ƙasa idan gajimare ya tare hanya. Hotunan da jagorar ta ɗauke mu sun iso ta imel bayan mako guda, masu kyau ne, kuma a cikinsu sama ta fi yadda na gan ta kore nesa ba kusa ba.