Wutar Lantarki: Kamfani Ɗaya Na Gwamnati Ko Hannun 'Yan Kasuwa?

Ana yawan tambayata wanne ya fi wa ƙasa mai tasowa: gwamnati ta riƙe wutar lantarki a kamfani ɗaya, ko a rarraba a sayar wa 'yan kasuwa?

Ta fuskar kuɗin wuta, kamfanin gwamnati ya fi sauƙi ga talaka, domin ana iya danne farashi. Amma giɓin yana komawa bashi. Eskom, kamfanin wutar gwamnatin Afirka ta Kudu, mai samar da mafi yawan wutar ƙasar, bashi ya danne shi har gwamnati ta ɗauke masa rand biliyan 254 a 2023. Haɗarin ma a nan yake: kamfani ɗaya in ya durƙushe, ƙasa duka ta shiga duhu.

Sayarwa kuwa ba ita ce gasa ba, kuma wannan ya fi damuna. A 2013 Najeriya ta fara sayar da sassan PHCN, kamfanin wutar gwamnati, kamfanonin rarraba wuta 11 suka koma hannun 'yan kasuwa. Kowanne shi kaɗai ne a yankinsa. Wanda aka zalunta da kuɗin ƙiyasi ba shi da wani wurin komawa. Da yawan masu sayen da bashin banki suka saya, kuɗin gyaran layuka da sayen mita ya yi ƙaranci. Yuganda ma ta karɓe rarrabawa daga Umeme, kamfanin 'yan kasuwa, a 2025 bayan shekara 20.

Ƙasar da yawancin ƙauyukanta ba su da wuta, kuma tana iya tsare baitulmali daga 'yan siyasa, kamfanin gwamnati ya fi dacewa da ita. Wadda ke da hukumar sa ido mai haƙori da masana'antu masu biya, 'yan kasuwa za su yi mata amfani.