Kai-sukwaya ko binomiyal: wanne ya dace da waken da ka barbara?

Wani ƙaninmu a zauren nan, ɗalibin ilimin halittu a Katsina, ya barbara wake mai furen shunayya da mai farin fure. A zuriya ta biyu tukunya 12 ce kawai ta rayu, 6 shunayya 6 fari, alhali yana sa ran uku bisa ɗaya, wato shunayya uku ga kowane fari ɗaya, irin rabon da Mendel, masanin gadon halitta, ya gano. Ya ce wanne gwajin lissafi zai yi don ya san ko abin da ya samu ya dace da wannan rabon, kai-sukwaya ko binomiyal?

Ƙanena, bari mu ɗora su duka a kan wakenka.

Kai-sukwaya, wanda Karl Pearson ya fito da shi a 1900, da biro da takarda ma ana yin sa. Cikin tsiro 12 kana tsammanin 9 da 3. Ka ɗebe abin da ka zata daga abin da ka samu, ka ninka bambancin da kansa, ka raba da abin da ka zata. Shunayya ta ba ka 1, fari ya ba ka 3, jimla 4.0. Iyakar da teburin kai-sukwaya ya bayar ga rukuni biyu a matakin 0.05 (wato yiwuwar kashi 5 cikin 100 cewa dace ne kawai ya kawo bambancin) ita ce 3.84. Ka haura ta, wato gwajin ya ce wakenka ya saɓa wa Mendel.

Binomiyal kuwa ba ya kintace. Kai-tsaye yake lissafa yiwuwar samun rabo mai nisa haka daga 9 da 3, kuma a nan amsar kusan 0.086 ce, ta wuce 0.05. Shi bai ga hujjar watsi da uku bisa ɗaya ba.

Ga su sun saɓa, kuma ni binomiyal zan bi ba tare da wata-wata ba. Kai-sukwaya ƙiyasi ne da ke buƙatar yawa, shi ya sa malamai ke gargaɗin kada adadin da ake tsammani a wani rukuni ya gaza 5. Naka 3 ne.

Inda kai-sukwaya ke da bakin magana shi ne in iri ya yi yawa ko rukuni ya wuce biyu. Mendel ya ƙirga ƙwaya 556 a kan siffa biyu, ya samu 315, 108, 101 da 32. In aka auna su da 9:3:3:1, rabon da ake tsammani ga siffa biyu, ana samun 0.47, ƙasa sosai da 7.81, iyakar rukuni huɗu. Binomiyal rukuni biyu kaɗai yake ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ka rubuta sakamakon. Kada ka ce ka tabbatar da uku bisa ɗaya, domin tsiro 12 ba za su iya raba maka 3:1 da 1:1 ba. Ka rubuta cewa ba a samu hujjar ƙin sa ba. In akwai sauran irin zuriya ta biyu a hannunka, ka shuka shi da yawa a daminar nan, ka kuma rubuta adadin da ya mutu kafin fure, don mutuwar ma tana iya karkatar da rabon.